Sun Ɗauka Kunya Ce

Yanzu haka daga ƙauyenmu Gidan Tala har Agiye ba zancen da ake sai nawa. Wai Hasiya ɗiyar Jibo ba ta da kunya. Wai ta fito tsakar gida kai ba lulluɓi, gaban uwar mijinta, ta kira sunan ɗan farinta da ƙarfi har maƙwabta suka ji. To gaskiya ne, na yi, kuma wallahi duk sanda na tuna sai in ji kamar in tashi in taka rawa. Sai dai masu kai labarin daga ƙarshe suke kama shi. Ba mai faɗin abin da ya faru kafin nan, kuma shi ne labarin.

Cikina na da wata bakwai aka maido ni gida goyon ciki, yadda ake ma kowa a haihuwar fari. Maigidana a Agiye yake, yana kai wake Najeriya yana dawowa. Mu kau ƙauye ne, tafiyar awa guda a ƙasa ka isa Gazawa. Na haihu bayan an gama zuba gero a rumbu, sanyi ya fara shigowa. Namiji ne. Aka yi guɗa, aka yi suna, maigidana ya zo ya kwana biyu ya koma neman abinshi.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai farka wata safiya na ji kamar an cika mani ƙirji da jiƙaƙƙen yashi. Ba ciwo ba ne da zan nuna in ce ga wurin. Innata takan tafasa ruwan wanka safe da yamma, ta tsoma ganye ta riƙa fyaɗa mani, ruwan da wasu mata ke ihu saboda zafinshi, ni ko motsi ba ni yi. Ta kawo kunun kanwa in kurɓa sau biyu in aje, don a bakina da shi da ruwan toka duk ɗaya. In yaron ya yi kuka sai in ji kamar a wani gida ake kukan. Sai Inna ta ɗauko shi ta aza mani bisa cinya, in ba shi nono fuskata na kallon bango, da ya saki in ture shi gefe.

A wajenmu kau ɗan fari ba a nuna ana son shi. Ba ki kiran sunanshi, ba ki mashi wasa gaban mutane, ba ki kallon shi in da manya. Wadda ta fi kauda kai ita ta fi tarbiyya. To da mata suka riƙa zuwa barka suna ganina haka, sai suka hau yabo.

"Kai, Asta, kin iya renon ɗiya. Dubi yarinyar nan, ko ƙyalla ido ba ta yi wajenshi."

"Ga rashin ci gaban mutane. Na yanzu fa kaza guda suke tashi da ita kana kallo."

Inna sai ta gyara zama. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai, don lokacin da aka sa ni lakol, makarantar boko, ba irin maganar da ba ta sha ba. An ce za ni dawo ina kallon manya cikin ido. Shekara huɗu na yi aka cire ni, amma maganar ba ta mutu ba.

"Ai ga 'yar lakol ɗin nan," in ji Inna, "ina masu cewa za ta lalace? Su zo su gani."

Ni ina jin su. Ina son in ce Inna ba kunya ba ce, amma in na buɗe baki sai in ji maganar ta yi mani nauyi kamar turmi. Kuma in ce mi? In ce na haifi ɗa ba ni jin komi a kanshi? Wace uwa ke faɗin wannan?

Ga gidan an kashe shi da shiru. Inna ta ce mai jego jikinta ɗanye ne, iska na bin kiɗa, ba ta yarda a yi wani amo kusa da ɗakina ba. Daka ma bayan gida ta maida shi. Rediyon Baba aka kore ta ƙofar gida ƙarƙashin itacen bedi, shi kau ya ji daɗi, don tun da aka yi taron ƙasa aka ce kowa ya kafa jam'iyyarshi, Baba ba shi da aiki sai labaru da gardama. Ni ina ciki daga ni sai bango huɗu da tsakin ƙadangare.

Yaron ya fara ramewa. Fatar cinyarshi ta yi ninki kamar ta tsoho. Kukanshi ya koma siriri irin na ɗan kyanwa. Ina gani fa, idona bai makance ba, amma kamar ɗan wata nake kallo.

Kwana ashirin da uku da haihuwa, ranar kasuwar Gazawa, uwar mijina ta zo. Iya muke ce mata. Mace ce doguwa mai maganar gaskiya tsirara. Na ja lulluɓi na juya baya yadda ake yi. Ta ɗauki yaron ta kwance shi daga zane, sai na ji ta yi salati.

"Asta, wanga ne Mas'udun da na bari ranar suna? Ina sauran shi?"

"Wallahi Shatu muna iya ƙoƙarinmu."

"A tatso nonon in gani."

Aka tatsa da ƙyar a ludayi, ɗan kaɗan. Iya ta kamo tururuwa ta jefa ciki. In ta mutu, nonon ya ɓaci. Tururuwar ta yi iyo ta fito ta yi tafiyarta.

"Nonon ba shi da laifi," in ji Iya, "babu shi ne. To ni ba ni zuba ido jikana ya mutu ina kallo. Suwaiba ɗiyata na goyo a Agiye, nononta har zuba yake. Na ba ku kasuwa biyu. Ran ta biyun zan zo da zanen goyo, in na iske shi haka, da shi zan koma."

Ɗa na dangin uba ne, kuma gaskiya Iya ta faɗa. Ni kau abin da na ji a raina, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sauƙi na ji. Na ce to, su tafi da shi, sai in kwanta. Daga ranar in na gama salla ba abin da nake roƙo sai in na kwanta kar in tashi. Rana tsaka, kaji na yawo, ni ina wannan roƙo.

Akwai wata Bafillata, Dija, da ke kawo mamu nonon shanu kullum da hantsi daga rugarsu bayan gari. Ƙawar Inna ce tun ban san kaina ba. Takan aje ƙwaryarta ta zauna bakin ƙofar ɗakina tana hutawa. Bayan tafiyar Iya na lura ta daina surutu, sai ta zauna tana kallona ta gefen ido. Kwana uku tana haka.

Ran na ukun sai ga motar 'yan siyasa ta ratso ta hanyar bayan gidanmu da lasifika bisa kai, kalangu na tashi, mata na amshi. Inna ta fito da gudu tana Allah ya tsare. Motar ta wuce, kiɗan ya yi nisa ya ɓace. Ni ban san na yi komi ba. Ashe yatsana na bugun gefen kwanon kunu, Dija na kallo.

"Asta," ta ce, "ɗiyarki ba kunya take ba."

"Ke Bafillata, da bakinki? Ku da kuka fi kowa kunyar ɗan fari?"

"Shi ya sa na sani. Mai kunya ɓarauniya ce. In ido ya kau sai ta saci kallo, ta taɓa ƙafarshi ta cikin zane, ta shinshina kanshi. Duk mun yi, ke ma kin yi, kar ki mani ƙarya. Kwana uku ina fakon wagga, ko sau ɗaya ba ta sata ba."

Inna ta hasala. "To ɗauki ƙwaryarki. Ɗiyata lafiyarta lau, baki ne kawai ya yi mata yawa." Ta ɗauki tulu ta yi rijiya.

Dija ba ta ɗauki ƙwaryar ba. Ta shigo ɗakin ta zauna ƙasa kusa da ni, tana warin man shanu da hayaƙi.

"Yarinya, kin san na taɓa haihuwa kafin ɗana Mumuni?"

Na girgiza kai.

"Babu wanda ya sani a garin nan. Damina guda na zauna kamar ke. Kowa na cewa Dija ta iya kunya. Watanshi uku ya tafi. Ko da aka binne shi ban yi kuka ba, nan ma aka yaba mani." Ta murza awarwaronta. "Bayan nan ƙanen mijina yakan busa sarewa in yana koro shanu da maraice. Wata rana na ji ta, sai wani abu ya kwance a nan." Ta dafa ƙirjinta. "Na yi kuka har shanu suka tsorata. Daga ranar na fara cin abinci. Amma wanda za a ba nonon ya riga ya tafi. Ke naki yana nan. Na ga yatsanki ɗazu."

Ta tashi ta fita. Lokacin Baba ya shiga masallaci sallar azahar, ya bar rediyon a zaure. Sai ga ta da ita ƙarƙashin mayafi, da wani kaset duk ƙura. Na san kaset ɗin. Ɗanbaba ne maƙwabcinmu ya ba Baba shi don tsokana. Tare suka tashi, tare aka yi masu kaciya, amma siyasa ta raba su, kowa da tutarshi. Kaset ɗin na jam'iyyar su Ɗanbaba ne. Baba ya rantse ba za a sa shi a gidanshi ba, ya soke shi a jinkar rumbu.

Dija ta juya rediyon sama da ƙasa. "Ina bakin abin nan? Ni ban san ta inda yake ci ba. Karɓi, ke kika yi lakol."

Na ƙi karɓa. Ta yi ta danne-danne har ta kusa karya ƙarfen kama tasha. Haushi ya kama ni, kuma shi ne abu na farko da na ji a raina cikin kwana ashirin da wani abu. Na fizge na buɗe na sa kaset na danna.

Kalangu ya tashi ƙasa-ƙasa, wani mutum na yabon jam'iyya, wai in sun ci za a yi rijiya a kowane gari. Ban ji komi ba sai ƙarar. Na kai hannu zan kashe, Dija ta riƙe mani. Muka zauna haka har waƙar ta ƙare. Sai aka ji ƙas, sai shuuu, sai ga wani kiɗa daban ya fito. Ashe tsohon kaset ne suka naɗi waƙarsu a kai, ba ta cinye shi duka ba. Gurmi ne, wani tsoho na kaɗawa sannu-sannu, yana gunji a maƙoshi, ba a ma jin abin da yake cewa. Can bayanshi ana jin zakara da wata mace na tankaɗe.

Ban san yadda zan faɗa ba. Kamar mutumin nan ya san nauyin da ke ƙirjina, bai ce in aje ba, ya dai zo ya zauna kusa da ni da irin nashi. Kowace tsirkiya ya taɓa sai in ji ta a ƙasan haƙarƙarina. Sai kuka. Kuka irin na majina da shessheƙa, ina duƙe ina riƙe da ciki. Yaron ya farka ya kama nashi. Dija ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai dama fura da nonon da ta kawo ta miƙo mani, na shanye rabin ƙwarya ina kukan. Ta maida rediyon zaure kafin Baba ya fito.

Kar a ce daga nan na warke. Washegari na farka yashin na nan inda yake. Safiya ta fi kowane lokaci muni. Amma yanzu akwai abin da nake jira, ina kallon inuwar ƙofa ina cewa yaushe azahar za ta yi. Dija ta maida zuwanta tsakar rana, lokacin Inna na rijiya Baba na masallaci. Don kar pil ɗin rediyon, wato batir, ya ƙare, na ciro tsohon bik ɗina na rubutu a lakol ina soka shi a ramin kaset ina juyawa da hannu har ya koma farko. Dija ta ce ashe karatun na da rana.

Ran na uku na gane wani abu. In na fara da kalangun, ba ya shiga. Sai gurmin ya fara buɗe hanya, in yi kukana in share, sannan in an sa kalangun sai in ji ƙafata na son motsi. Ranar ina kaɗa gwiwa yaron na bisa cinyata, sai na ji ya yi shiru. Na duba in ga ko lafiya. Idonshi biyu, yana kallona. Nan na fara ganin yana da ɗan tabo baƙi a bayan kunne, irin na Baba. Kwana kusan talatin ina da ɗa ban san da tabon ba.

Ran na huɗu Inna ta dawo da wuri ta kama mu.

"La'ilaha illallahu! Dija, kashe mani ɗiya za ki yi? Kiɗa a ɗakin mai jego? Iska za ki kira mata?"

"Iskar ta riga ta shiga tun kina shiru," in ji Dija. "Dubi kwanon can."

Inna ta duba. Tuwon da ta aje mani da safe, wanda kullum take kwashewa ta ba kaji, babu ko loma. Ta dubi kwanon, ta dube ni, idona jawur. Na ce, "Inna, ba kunya ba ce." Iyakar abin da na iya faɗi ke nan. Ta zauna bakin gado, ta rufe fuska da zane. "Ni ina ta alfahari," take cewa, "ni ina ta alfahari."

Da la'asar sai na ji turmi a tsakar gida, daidai ƙofata. Inna ce ta maido daka ciki, tana lugude tana jefa taɓarya sama tana tafawa, abin da rabona da in ga ta yi tun ina ƙarama.

Baba kau da kanshi ya gano. Ya kunna labaru gaban abokanshi, rediyon ta riƙa ja kamar saniya na nishi, pil ya mutu. Ya buɗe ya ga kaset ɗin da muka manta ciki. Ya shigo gida yana huci.

"Wa ya sa mani ƙazantar Ɗanbaba a rediyo?"

Inna ta ja shi bayan rumbu. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ya fito ya wuce ƙofata bai kalli ciki ba. Washegari tun da safe ya taka har Gazawa ya dawo da sabon pil, ya aje rediyon bakin ƙofata, ya ce ma ƙofar, ba ni ba, "Labarun ma duk ƙarya ce." Ya yi gaba.

Ranar da waƙar ta tashi da ƙarfi a gidanmu, sai ga muryar Ɗanbaba ta saman darni.

"Jama'a ku zo ku ji! Jibo ya shigo! Marhaba da Jibo! In kawo maka tuta ko hula kake so?"

"Rufe mani baki, tsohon banza. Magani ne."

"Ai dama mun ce maku mu ne maganin ƙasar nan!"

Na yi dariya. Ƙarama ce, amma Inna ta ji ta daga madafa har ta saki muciya.

Nonon ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ina ci, ina sha, ina ba shi ko bai yi kuka ba. Amma kwana goma ba su gyara ɓarnar wata guda. Fuskarshi ta ɗan ciko, jikin dai har yanzu ƙashi ne. Ga shi yanzu tsoro ya shige ni, wanda da babu. Da ba ni son komi, ba abin da za a ƙwace mani. Yanzu kullum ina ƙirga kwana da yatsa. Ana saura kwana biyu kasuwa yashin ya dawo gaba ɗaya, na kwana na yini ban ci ba, ko rediyon ban so gani. Na ce ma Dija banza ne, za a tafi da shi, gara ma ban farka ba. Ta ce, "To kwanta, ni zan ji abina," ta danna, don yanzu ta iya. Na juya ma bango, amma kunne ba shi da ƙyaure. Kafin tsohon mai gurmin ya gama na tashi zaune na ci ɗan abin da na ci.

Ranar kasuwa Iya ta iso da hantsi, zanen goyo sabo a kafaɗarta. Inna ta fitar da rediyon ta kai ma Baba waje don kar Iya ta gani ta ce mun kira iska. Na ja lulluɓi na juya baya. Iya ta kwance yaron ta ɗaga shi ta juya shi.

"Ya ɗan motsa," ta ce, "amma ba wannan na ce ba. Asta, kar ki ga laifina. Ita uwar ma ai hutu ne gare ta, dubi ko juyowa ba ta yi. Yarinya mai kunya, Allah ya yi maki albarka. In ya yi ƙwari a maido maki."

Suruka ce, Inna ba ta iya jayayya da ita a kan jikanta. Na ji Iya ta duƙa, na ji ta aza shi a baya, na ji ƙarar ɗaurin zane. Na ji takunta ta fita. Ni ina zaune, hannuwana bisa cinya kamar na wani. A raina ina ihu tashi, tashi, jikin ya ƙi. Abin da aka koya mani tun ina yarinya ya ce zauna, ciwon ma ya ce zauna, su biyu suka haɗu suka danne ni. Na ji Inna na rakiya tana a gaida mutan gida. Sun kai bakin zaure.

Sai gurmi ya tashi daga ƙofar gida, da ƙarfin da rediyon ba ta taɓa yi ba. Baba ne. Yana zaune cikin 'yan jam'iyyarsu, ya ga an fito da jikanshi a baya, ya danna ya murɗe har ƙarshe.

Ban san sanda na miƙe ba. Lulluɓin ya faɗi a bakin ƙofa ban tsaya ɗauka ba. Na tsinci kaina a tsakar gida, rana ta dalle mani ido. Na buɗe baki na kira sunanshi. Sau ɗaya na kira, da dukan ƙarfina, har awaki suka watse. Sannan na ce, "Iya, a ba ni ɗana."

Iya ta juyo kamar an mare ta. "Mi kika ce?"

"A ba ni ɗana. Ba kunya nake ba, Iya, ciwo na yi. Yanzu ina ci. In kin tafi da shi ba zan tashi ba."

"Innalillahi. Asta, kina jin ɗiyarki? Gabana? Da sunanshi? Dama an faɗa mani 'yar lakol ce!"

"Ina ji, Shatu," in ji Inna, "ba ta shi."

Yaron ya ji muryata ko hayaniyar ce, oho, ya tsala kuka a bayan Iya. Sai na ji ƙirjina ya yi tsam, ya ɗaure. Iya ta zuba ma gaban rigata ido. Ya jiƙe da nono, wuri biyu, yana ƙara faɗi tana kallo. Gurmin na ta yi a waje, ba wanda ya ce a kashe. Sannan ta sa hannu ta kwance zanen, ta zamo da shi ta miƙo mani ba ta kalli fuskata ba.

"Zauna ki ba shi nan in gani da idona."

Na zauna a ƙasa tsakar gida, gaban surukata, na ba shi, ina kallon fuskarshi ƙuri. Yana haɗiya ana ji. Iya ta zauna bisa turmi ta ce ba inda za ta sai ta ga abin da zai yiwu. Kwana huɗu ta yi a gidanmu tana gadina kamar jandarma, tana tura mani tuwo tana mita. Ita ce ma ta sa Baba ya ɗaura amalanken jaki muka je likita a Gazawa. Madam ɗin da ke awon jarirai ta aza shi bisa ma'auni ta rubuta a kati, ta tambaye ni yadda nake ji, na faɗa mata duka. Ta ce ba ni ce ta farko ba, ta ga mata da yawa haka bayan haihuwa, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ta ce in ya dawo da ƙarfi kar in yi shiru, in zo, kuma kar a bar ni ni kaɗai a ɗaki. Na ce mata ina jin kiɗa. Ta ce in ci gaba.

Jiya muka koma awo na uku. Kilo huɗu da ɗari biyu! Madam ta nuna mani layin a kati yana hawa, na karanta lambar da kaina sau uku. Cinyarshi ta ciko har ninkin ya koma na ƙiba. Iya ta koma Agiye da zanenta a ninke, tana ba kowa labarin rashin kunyata, amma ta aiko mani da kanwa da gero. Har yanzu akwai safiyar da nake tashi da yashin, ba kullum ba, in ya zo na san abin da zan danna da wanda zan kira. Ɗanbaba ya aiko a maido mashi kaset ɗinshi tunda zaɓe ya matso, Baba ya ce ya zo ya ɗauka in ya isa.

Yau da hantsi mata suka zo, na ja lulluɓi na kauda kai yadda ya kamata, don ba kullum ake abin da na yi ba. Suna ta hira da Inna. Da na ga hankalinsu ya tafi, na zura hannu ta cikin zane na kama ɗan yatsan ƙafarshi, na leƙa tabon nan na bayan kunne. Ina ɗagowa muka haɗa ido da Dija a bakin ƙofa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a kai tana dariya.

"Asta," ta ce, "ki riƙa rufe kayanki. Akwai ɓarauniya a ɗakin nan."